Khan Academy a darasin fakto, ninki da lambobi gagara-rabo: abin da yaron Agege zai samu da abin da ba zai samu ba

Duk wanda ya saba duba littafin lissafin 'yan aji huɗu da biyar a makarantun Legas ya san inda jan biro yake taruwa. Tarawa da ɗebewa yara suna wucewa lafiya, sau da rabawa ma da dama-dama. Da an iso kan fakto da maltiful da firaim, sai shafi ya koma kamar an yanka kaza a kai. Iyaye a Agege da Idi-Araba da Mile 12 galibi kasuwa ta riƙe su har dare, kuɗin malamin lesin kuma ba kowane aljihu ke ɗauka duk wata ba, shi ya sa ake yawan tambaya ko manhajar Khan Academy za ta iya tsaya wa yaro a wannan darasi. Tana iyawa, a wajen bayani ma ta fi malaman lesin da yawa. Sai dai a sa mata sharaɗi: takarda da fensir a gefen waya, da babba mai leƙowa ko sau biyu a mako.

Khan Academy ƙungiya ce ta Amurka wadda ba ta neman riba. Wani Ba'amurke mai suna Salman Khan, ba ɗan fim ɗin Indiya ba, ya kafa ta a 2008, bayan ya yi 'yan shekaru yana ɗora bidiyon lissafi a YouTube saboda yaran danginsa. Darussanta kyauta ne, a shafin intanet ko a manhajar Android da iPhone, kuma ba a cusa talla a tsakiyar aiki. Kowane darasi kashi biyu ne: gajeren bidiyo, inda ake jin muryar malami yana rubutu a baƙin allo da launuka, sai tambayoyin gwaji 'yan kaɗan, yawanci huɗu ko bakwai, waɗanda manhajar ke makin su nan take. Ana iya shiga ba tare da rajista ba, amma ba za ta riƙe inda yaro ya tsaya ba. Yaron da bai kai shekara 13 ba, uba ko uwa ne za su buɗe nasu asusun su rataya nasa a ƙarƙashi, ta haka kuma suke ganin abin da ya yi.

A daidaita kalmomi tukuna. Fakto ita ce lambar da ta raba wata ba saura: 6 fakto ce ta 24 saboda 24 a raba 6 ya ba da 4 cif. Maltiful shi ne ninki: ninkin 6 su ne 6, 12, 18, 24, haka har illa masha Allahu. Firaim, wadda a nan za mu kira gagara-rabo, lamba ce mai fakto biyu rak, 1 da ita kanta. Wadda faktocinta suka wuce biyu, wato kwamfozit, za mu ce mata haɗaɗɗiya. Sunayen Hausan don fahimta ne a gida. Na aji dole yaro ya riƙe su, da su za a tambaye shi.

Darasin ba a wuri ɗaya yake ba, kuma nan ne iyaye kan ɓata. Fakto, ninki da gagara-rabo suna cikin lissafin aji huɗu na tsarin Amurka. LCM, wato ninki mafi ƙanƙanta da lambobi suka yi tarayya a kai, da ɗan'uwansa HCF kuwa sai a lissafin aji shida, alhali makarantun nan suna shigo da su tun kafin aji shida. Yaron da malaminsa ya ba shi aikin gida kan LCM, ya buɗe sashen ajinsu bai gani ba, sai ya ce babu. Akwai, a haura gaba ko a rubuta sunan darasin a wurin bincike.

Abin da ya fi komai kyau a sashen aji huɗu shi ne yadda yake koyar da fakto bibbiyu, kowace da abokiyarta. A azuzuwa da yawa akan ce wa yaro ya lissafo faktocin 36, shi kuma ya zubo abin da ya faɗo masa a rai: 2, 3, 4, 6, 9, ya manta 12 da 18, ya manta 1 da 36 ɗin kanta. Hanyar abokai tana toshe wannan ɓaraka. A fara daga 1: 1 sau 36. Sai 2 sau 18, 3 sau 12, 4 sau 9. A gwada 5, ta bar saura 1, a tsallake. Sai 6 sau 6. Nan za a tsaya, domin duk lambar da ta wuce 6 kuma take raba 36 an riga an gamu da ita a matsayin abokiyar wata ƙarama. Fakto tara ke nan. Yara kan rubuta 6 sau biyu su ƙirga goma, a kula da wannan. Kuma a lura, adadin faktoci yana zuwa mara ne kawai idan lamba ta fito daga wata lamba sau kanta, kamar 16, 25, 36, 49. Sauran duk cika ne.

Manhajar tana nuna wannan da zanen layuka, ɗigo-ɗigo a jere. Zane yana taimakawa, amma bai kai a taɓa da hannu ba, kuma abin taɓawa bai fi ƙarfin kowa ba a Legas. A tara murafen lemo 36, kowane mai shago zai bayar. A ce wa yaro ya jera 24 layi-layi, kowane layi daidai da ɗan'uwansa, ba wanda ya yi saura. Zai samu layi 2 na 12, 3 na 8, 4 na 6, da dogon layi ɗaya na 24. Kiret ɗin lemo da yake gani kullum 4 sau 6 ne, na ƙwai kuma 5 sau 6. Sannan a cire guda ɗaya a bar masa 23. Zai yi ta juyi, layi biyu saura ɗaya, layi uku saura biyu, layi huɗu saura uku, har ya gaji ya ce ba ta jeruwa sai a layi ɗaya. Wannan gajiyar ita ce darasin gagara-rabo, kuma yaron da ya sha ta ba ya bukatar a haddace masa ma'ana.

Rikicin fakto da ninki shi ne na biyu. A tambayi yaro faktocin 8, ya ce 8, 16, 24. Khan Academy tana da gwaji na musamman da ke haɗa su biyun a tambaya ɗaya, a ce 4 mece ce ga 20, kuma 20 mece ce ga 4. Gwajin yana da kyau, kada a tsallake shi don ya yi kama da maimaici. Abin da za a ƙara masa a gida jimla biyu ce: fakto ba ta wuce lambar girma kuma tana ƙarewa, ninki ba ya kasa lambar kuma ba ya ƙarewa. Lambar kanta tana cikin ɓangarorin biyu, 8 fakto ce ta 8 kuma ninkin 8 ce, abin da yara kan ƙi yarda da shi da farko.

A kan gagara-rabo bidiyon yana bin lambobi ɗaya bayan ɗaya daga ƙasa, kuma bai yi wa 1 rufa-rufa ba. Ita 1 ba gagara-rabo ba ce, ba kuma haɗaɗɗiya ba, saboda fakto ɗaya gare ta. Kuskuren yana fitowa ne daga ma'anar da ake rerawa a aji, wai lambar da 1 da kanta kaɗai ke raba ta. Da wannan ma'ana 1 ta shiga, yaro bai yi laifi ba. A gyara masa: fakto biyu mabambanta. Sai 2, wadda yara kan kora saboda cika ce, alhali ita kaɗai ce cika a cikin gagara-rabo kaf.

Ba a nan gizo ke saƙa ba. Babbar matsalar ita ce yaro ya ɗauka duk lambar mara gagara-rabo ce. Da 3, 5, 7 ya ga haka ne, sai ya yanke hukunci. Lambobi irin 9, 15, 21, 25 jadawalin sau yana tona asirinsu da wuri. Masu kayar da yara, har da manya, guda huɗu ne: 51, 57, 87, 91. Duk sun yi kama da gagara-rabo, kuma babu su a jadawalin da ake haddacewa zuwa 12 sau 12. Uku na farko dabarar 3 tana kama su. A tara ƙwayoyin lambar, in jimlar ta rabu da 3, lambar ma ta rabu. A 51, 5 da 1 shida, don haka 3 sau 17 ce. A 57, 5 da 7 sha biyu, 3 sau 19. A 87, 8 da 7 sha biyar, 3 sau 29. Ita 91 ba ta da alama a goshi, 9 da 1 goma, ba ta ƙare da 5 ko sifiri ba, ba cika ba ce. Sai an raba da 7 a ga 13. Akwai kuma yaran da ke ɗaukar dabarar 2 da 5, wato duba ƙwayar ƙarshe, su ɗora wa 3, su ce 13 da 23 da 43 suna rabuwa da 3 tunda da 3 suka ƙare. Dabarun gane rabuwa suna nan a manhajar, amma a wani sashe na gaba da na aji huɗu, kuma ya kamata a kai yaro can kafin ya taɓa gwajin gagara-rabo, ba bayansa ba. A wannan jeri an sa keke gaban doki.

Aiki ɗaya ne ba a yi da waya, kuma shi ya fi kowanne amfani. Dabara ce ta Eratosthenes, masanin Girka da ya riƙe ɗakin karatun Iskandariyya a Masar sama da shekara 2,200 da suka wuce, tankaɗe ce kamar ta gari a rariya. A tsaga takarda daga tsakiyar littafi, a rubuta 1 zuwa 100, goma-goma a layi. A soke 1. A zagaye 2, a soke duk ninkinta, lambobi 49 za su tafi. A zagaye 3, a soke ninkinta da suka rage, 16 ne. A zagaye 5, saura shida kacal: 25, 35, 55, 65, 85, 95. A zagaye 7, saura uku: 49, 77, 91. An gama. Ba sai an je 11 ba, domin ninkinta na farko da ba a riga an soke ba shi ne 11 sau 11, wato 121, ya wuce ɗari. Abin da ya tsira 25 ne: 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19, 23, 29, 31, 37, 41, 43, 47, 53, 59, 61, 67, 71, 73, 79, 83, 89, 97. In yaro ya ƙirga ya samu 26, a duba 91 ko 1. In ya samu 24, a duba 2. Daga nan kuma doka ta fito mai sauƙi: lambar da ta wuce 7 amma ba ta kai 121 ba, a gwada ta da 2, 3, 5, 7 kawai. In duk sun gaza, gagara-rabo ce.

Yaran da suke zuwa Islamiyya suna da ƙarfin hadda, jerin 25 ɗin nan cikin kwana biyu za su kwashe shi. Ba laifi, yana ƙara sauri a jarrabawa. Amma a bari su yi tankaɗen da hannunsu tukuna, in ba haka ba ranar da aka kawo 119 ko 143 sai su tsaya cak, hadda ta ƙare a 97. Ta farko 7 sau 17 ce, ta biyu 11 sau 13.

Yanzu ga raunin manhajar, kuma ba ƙarami ba ne. Tambayar gagara-rabo ce ko haɗaɗɗiya zaɓi biyu ne ko uku, yaro mai wayo yakan mai da ita canki-canka. Ya danna, in ya faɗi ya sake zagayen, tambayoyin kuma ba su da yawa, da sannu zai dace ya cinye duka ba tare da ya raba ko lamba ɗaya ba. Manhajar za ta ɗaga masa matsayi, uba ya duba da dare ya ga alamar ƙwarewa ya yi hamdala. Akwai maɓallin taimako da ke warware tambaya mataki-mataki, kuma wanda ya buɗe shi ba a ƙirga masa tambayar a matsayin ci, wannan tsari ne mai kyau. Amma ba abin da ke hana canka. Maganinsa ɗaya: duk lambar da ya ce haɗaɗɗiya ce, ya rubuta a littafi lambobi biyu da suka haife ta, duk wadda ya ce gagara-rabo ce, ya nuna rabawar da ya gwada. Littafin za a duba, ba fuskar waya ba. Ko uwar da ba ta yi boko mai zurfi ba za ta iya ganin ko an yi rubutu ko ba a yi ba.

Na biyu, bambancin suna da hanya. Abin da malamin Legas ke kira HCF, a can GCF ake ce masa, abu ɗaya ne, fakto mafi girma da lambobi suka yi tarayya a kai. A faɗa wa yaro tun ranar farko. Hanyar warwarewa ma ta bambanta. Khan Academy ta fi amfani da jero faktoci ko ninki, da kuma zanen bishiya, inda ake tsaga lamba reshe-reshe har kowane reshe ya ƙare a gagara-rabo: 36 ta zama 4 da 9, 4 ta zama 2 da 2, 9 ta zama 3 da 3. Makarantun nan kuwa sun fi son tsani, a rubuta lambobin a jere a yi ta rabawa ana sauka. A ɗauki 12 da 18. Don LCM: a raba da 2, a samu 6 da 9, a sake da 2, a samu 3, a sauko da 9 yadda take, da 3, a samu 1 da 3, da 3 kuma, 1 da 1. A ninka na gefe, 2 sau 2 sau 3 sau 3, 36. Don HCF tsanin ɗaya ne amma doka ta canja, ba a rabawa sai da lambar da ta shiga duka biyun: da 2, 6 da 9, da 3, 2 da 3, a tsaya. Amsa 6. Kuskuren da ya fi yawa shi ne yaro ya ci gaba da sauka har 1 da 1 a HCF, ya kawo 36. Ga ma'auni mai sauri: HCF ba ta wuce ƙaramar lambar, LCM ba ya kasa babbar. Ga lambobi biyu kuma, HCF sau LCM daidai yake da lambobin sau juna, 6 sau 36 da 12 sau 18 duk 216 ne. Wannan ma'aunin na ƙarshe ba ya aiki da lambobi uku. Bishiya ta fi nuna dalili, tsani ya fi sauri, kuma shi malamin aji yake jiran gani a takarda. Yaron da ke shirin Common Entrance ta NECO, mai burin King's College ko Queen's College ko kwalejin tarayya ta Ijanikin, yana bukatar biyun.

Tambayoyin labari su ne inda Turancin Amurka ya fi cizo. Sunaye baƙi, kuɗi dala, kaya irin waɗanda yaro bai taɓa gani ba, sai ya ɓata lokaci kan labarin ya bar lissafin. A juya masa su zuwa abin da ya sani. Danfo ɗaya yana tashi daga tasha duk minti 12, wani duk minti 18, sun tashi tare da ƙarfe bakwai, yaushe za su sake tashi tare? Bayan minti 36, LCM ke nan, saboda ana jiran haɗuwa a gaba. Mai kayan gwari a Mile 12 yana da tumatir 48 da tattasai 36, yana so ya kasa su kashi-kashi iri ɗaya ba saura, kashi nawa ne mafi yawa? Kashi 12, kowanne tumatir 4 da tattasai 3, HCF ke nan, saboda ana rarraba abin da ke hannu. Wanda ya yi karatun rabon gado a zaure ma ya san LCM ko bai san sunansa ba: in tumuni da sudusi suka haɗu, asalin mas'ala 24 ne, in rubu'i da sudusi ne, 12. Mahaifin da ya iya wannan ya riga ya iya aikin gidan ɗansa.

Muryar bidiyon ma tana yi wa wasu yara sauri a makon farko. A kunna rubutun ƙasa, a rage saurin magana kaɗan, kunne zai saba.

Batun data da wuta: bidiyo shi ke cin data, tambayoyi ba sa ci sosai. Manhajar waya tana bari a sauke bidiyo a ajiye, don haka a sauke na sashen gaba ɗaya lokacin da aka samu garaɓasar dare ko wayafai, a riƙa kallo ba tare da data ba. Tambayoyin gwaji kuwa suna son intanet a buɗe. Gara a kalla a cikin manhajar da a YouTube, inda bidiyon lissafi ɗaya ke jawo na ƙwallo goma. In wayar ta uba ce kuma yana kasuwa har isha, a mai da aikin waya Asabar da Lahadi, ranakun mako a bar wa littafi. Ranar da NEPA ta ɗauke wuta waya ta mutu, murafen lemo da takardar ɗari suna nan.

Wanda bai kamata a sa shi a wannan sashe ba tukuna shi ne yaron da jadawalin sau bai zauna masa ba, musamman gidan 6, 7 da 8. In sai ya ƙirga da yatsu kafin ya ce 7 sau 8, kowace tambayar fakto za ta zama masa dutse, ya tsani darasin a banza. A mai da shi sashen sau na aji uku mako biyu ko uku. Wanda jadawalinsa ya zauna, minti 20 a zama ya isa, tsakanin dawowa daga boko da tafiya Islamiyya ko bayan magariba: mako na farko fakto da murafe, na biyu ninki da dabarun rabuwa, na uku tankaɗe da gagara-rabo, na huɗu bishiya da tsani. A ƙarshen wata a karɓe wayar a ba shi takarda da tambayoyi biyar: faktocin 60 duka, waɗanda 12 ne, wace ce gagara-rabo tsakanin 87, 89 da 91, me ya hana 1 shiga, HCF na 24 da 36, LCM na 8 da 12. Amsoshin lissafin 89 ne, 12, da 24. In ya faɗi ta biyu, a koma kan takardar ɗari. In ya musanya biyun ƙarshe, a koma kan danfo da tumatir.